Idona Ya Ƙi Kawo Ruwa

Barking, London, daren Talata

Wai ana koyon kuka? Yau a hotel aka ce gwamnati za ta ƙara ma'aikata, interview ɗinmu na neman mafaka zai matso. Kowa murna, ni ban ji komai ba.

Malam Sani, abokin ɗakina, ya sa na gwada ba shi labarin kisan Yaya Bala kamar yadda zan faɗa a interview. Ya ce, "Kai yaro, sai ka ce kana faɗin farashin tumatir! Wa zai yarda?"

Wallahi a gabana aka yi. Idona ne ya bushe tun ranar. In masu interview ba su yarda ba, mayar da ni gida za su yi.

Bari in tafi, an fito daga banɗaki. Zan sake gwadawa gaban madubi.