Bayanta a Rufe Yake, Abban Sadiq

Zuwa ga mijina, Malam Nuhu, Abban Sadiq.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, na rubuto ne in sanar da kai halin da muke ciki, ni da yara. A shafinka na sada zumunta nake rubutun, domin har yanzu abokanka suna shigowa suna yi mini tambaya, ni kuma na gaji da maimaita magana ɗaya. Wanda ya gani ya karanta. Amma da kai nake.

Muna nan unguwar Danau Kota a Kuala Lumpur, a gidan da ka bar mu. An sassauta dokar kulle ta korona, masallaci ya fara cika, motoci sun dawo titi. Ni dai jikina bai dawo ba. Ina tashi da gajiya, in kwanta da ita.

Kwanaki yayanka ya kira daga gida. Bayan mun gaisa ya ce, "Rahina, tsakani da Allah, wai Nuhu kwaɗo ya je karanta har Malesiya?" Ba da mugun nufi ya faɗa ba, so yake ya san abin da zai gaya wa mutane. Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Shi ya sa zan gwada a nan, in na yi kuskure ka yafe mini, ka san ni ba 'yar kimiyya ba ce.

Daga Zainab abin ya faro. 'Yarmu ta fari, wadda aka haifa a Zariya da wani buɗaɗɗen wuri a ƙasan bayanta, ja, kamar ba a gama ɗinke ta ba. Ta kai suna, ba ta wuce shi da yawa ba. Ka tuna matan da suka cika ɗakina. Wata ta ce na cika fita da magariba, wata ta ce na zubar da ruwan zafi ban yi bisimilla ba. Kai kuwa kana koyar da ilimin halittu a kwaleji, ka yi shiru wata da watanni. Ranar da ka yi magana, takardun neman karatu ne a hannunka.

Kafin korona ka taɓa kai ni ɗakin gwajinku sau ɗaya. Ƙarnin ruwan nake tunawa da farko, sai kwaɗin nan masu launin toka, shimfiɗe a ƙasan tanki kamar an taka su. Ka ce su ma 'yan Afirka ne, baƙi ne a ƙasar nan kamar mu. Ka zaunar da ni gaban madubin da ke ƙara girman abu, na leƙa na ga ƙwai, ƙanana kamar gero, rabi duhu rabi haske. Ina kallo ɗaya ya tsage biyu.

Ka ce shi ya sa kuka zaɓi kwaɗo. Abin da ke faruwa a ɓoye cikin mahaifar mace, shi a fili yake yin nasa, cikin ɗan faranti, kowa ya gani. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas, har su yi yawan da ido ba ya bi. Dukkansu gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ke bambanta su shi ne saƙon da kowace ƙwaya ke samu daga maƙwabciyarta. Ka nuna mini wani ɗan wuri a gefe mai kama da leɓe, ka ce daga nan umarni ke fita, nan za a yi kai, nan za a yi baya, can ciki.

Sai ka canza faranti. A wannan, gefe biyu sun ɗago a bayan halittar kamar kunyoyi biyu a gona, suna matsowa don su haɗu. Ka ce in sun haɗu suka rufe, abin da ke ciki shi zai zama ƙwaƙwalwa da laka. Sannan ka ce, "Nan ne na Zainab bai haɗu ba. Saƙo ne bai isa ba, Rahina. Ba ke ba ce."

A jirgin ƙasa muna komawa gida ne na lura ina numfashi har ƙasan ƙirjina, abin da na daɗe ban yi ba.

To abin da zan gaya wa yayanka ke nan. Ƙwayar gado guda ɗaya kake bi, cikin masu aika saƙon nan. Idan ƙwai ya rabu biyu, sai ka sa allurar gilashi da ta fi gashi siriri ka tsira wa rabi ɗaya, ka rufe bakin ƙwayar gadon a wannan ɓangaren, ka bar ɗayan yadda Allah Ya yi shi. Washegari ka duba wane gefe ya ɗago, wane ya kwanta. A kan wannan ka ƙarar da idanunka da wuyanka.

Da kulle ya zo, kai kaɗai suka ba izinin shiga ciyar da kwaɗin. Ka dawo kana dariya kana ba ni labarin ɗan sandan da ya tare ka a shinge, ya karanta takardar, ya dube ka, ya ce, "Katak? Boleh, boleh," ya ɗaga maka hannu. A nan na koyi sunan kwaɗo da yaren mutanen nan.

Daga baya ka fara kawo aikin gida. Robobin tapau, waɗanda ake zubo mana shinkafa a ciki daga shago, suka koma gidan talibambam, jere a kan teburin cin abinci. Ka hana a kashe esi, wai zafi yana sa su sauri su wuce matakin da kake son gani. Sadiq yana yawo da rigar sanyi a tsakiyar Kuala Lumpur, yana raɗa musu sunaye da Turanci. Ni ina mita, kai kana cewa, "Kwana biyu ne kawai."

Kai ka saya mini ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid, mai taimaka wa bayan jariri ya rufe, tun ba mu da labarin komai. Kullum da safe sai ka ajiye ta kusa da kofin shayina. Ka ce a ɗan Adam rufewar nan tana ƙarewa tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Don haka ranar da na gaya maka na yi ɓatan wata, mu duka mun san an riga an gama, ko ta rufe ko ba ta rufe ba. Sai dai jira. Wani ilimin nauyi ne, Abban Sadiq, kuma kai ka ɗora mini shi ka tafi.

Tari ne ya fara, sai zazzaɓi, sai hawa gado ya zama maka aiki. Da motar asibiti ta zo, iyakata bakin lif. Saƙonka na ƙarshe da ya shigo wayata bai wuce kalma uku ba: "Kin sha ƙwayar?"

Na sha. Ban samu na gaya maka ba.

A waya na ga jana'izarka. Istifanus, abokin aikinka mutumin Filato, shi ya tsaya a bayan shingen maƙabarta ya ɗaga wayarsa sama. Na hango mutane cikin fararen kayan kariya sun rufe har fuska, da 'yan'uwa kaɗan daga masallaci a nesa. Ban gane kowa ba. Ruwa ya sauko, hoton ya tsaya.

Takabata ta haɗu da kulle, har ban san wanne ke tsare ni ba. Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, Makcik, takan rataye abinci a hannun ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. Istifanus ya zo ya kwashe robobin. Na kashe esi.

Ranar hoton ciki wajen Makcik na bar Sadiq, na tafi ni kaɗai. Likitar ta fara nuna mini kai da hannuwa, na ce mata don Allah baya nake son gani. Ta dube ni ta saman takunkumi, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta bi a hankali tun daga wuya har ƙasa, ƙasusuwan jere kamar carbi. Ta ce a rufe yake. Na ce ta sake bi. Ta sake. Na ɗauka kuka zan yi, sai na ji yunwa ta kama ni. Na tsaya a shagon mamak, masu sayar da abinci a ƙasan gida, na sayi gurasarsu roti, na cinye a tsaye a kicin.

Mace ce. Da suka miƙo mini ita, kafin in kalli fuskarta sai da na juya ta na shafa bayan da yatsana. Santsi, babu ko tabo. Sunan Hajiyarka ta ci, muna kiranta Ummi. Goshinka ta ɗauko.

Sai maganar aikinka, kuma ba zan ɓoye maka ba. Istifanus ya maimaita gwajin bayan an buɗe gari. Wasu sun fito yadda ka gani, gefen da aka tsira wa allura ya kwanta. Wasu kuma sun rufe lafiya lau kamar ba a taɓa su ba. Ya ce wataƙila akwai wata ƙwayar gadon da ke karɓar aikin idan an rufe bakin taka. Shugabar ɗakin gwajinku ta ce abin zai ci wasu shekaru, za a ba wata sabuwar ɗaliba ta ɗora, kuma sunanka zai fito idan an wallafa. Na yi godiya. Ban san ko nasara ce wannan ko akasinta ba, kai ne mai faɗa mini irin wannan. Mutanen gida dai abu ɗaya suke tambaya, ko ka gama digirin. Nakan ce saura kaɗan ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun. Izinin zamanmu a jikin karatunka yake, ya kusa ƙarewa. Hajiya kuma kullum maganarta a kawo mata jikokinta ta gani tun tana da ido. Mako mai zuwa za mu tafi. Na je kasuwar Masjid India na sayi 'yan yadudduka na tsaraba, rabin shagunan a kulle, ba ka nan balle ka ce mini wannan launin ya yi ihu.

Jiya muka je wurinka. Ciyawa ta fito, ƙasar ta kwanta. Sadiq ya yi addu'ar da ka koya masa, sannan ya tambaye ni da Turanci wa zai riƙa zuwa gaishe ka idan mun tafi. Na ce masa mijin Makcik ya yi alkawari, 'yan masallaci ma haka. Ya gyaɗa kai, amma na san bai gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba.

Nuhu. Bari in kira sunanka sau ɗaya, tunda ba a gabanka nake ba. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa yin tafiya ban nemi izininka ba, ko ta kwana ɗaya. Wannan ita ce mafi nisa, kuma ban san ranar dawowa ba. To ga shi na faɗa maka. Ka bar ni in tafi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya sa abin da ka nema ya amfani wata uwar ko da ba mu ji labari ba. Ya sada ka da Zainab. Ya raya mini waɗannan biyun, Ya ba ni ƙarfin riƙe su, don ni nawa ya ƙare. Amin.

Wassalam.

Matarka,
Rahina, Maman Sadiq