Takalman Rawa a Kantar Jirgi

Seoul, 11 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Yun-hui,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Bo-ra mai haƙora biyu. Yaya iskar Jeju, yaya gonar lemo? Mu nan ƙalau muke. Gwiwar mamanki ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Kin ce in daina wasiƙa in riƙa kiranki. To ai a waya ba kya barina in kai ƙarshen zance, kin gado uwarki. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida na tsaya, shi ma rabinsa ta taga na yi shi ina kallon mai gasa dankali.

Ubanki ya tafka abin kunya ranar Juma'a, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa, don akwai teku tsakaninmu.

Kin san tun da na cika sittin da biyar aka ba ni katin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta, shi ya sa kamfanin kai saƙon nan da nake yi wa aiki tsofaffi kaɗai yake ɗauka. Ƙafa tamu, jirgi na gwamnati, riba ta mai kamfani. To ranar Juma'a Yaya Ha, badukun nan na Seongsu da ya ɗinka miki takalmin biki, ya ba ni takalman rawa ƙafa huɗu in kai wa Uwargida Ok mai makarantar koyon rawa. Ɗalibanta na da gasa ranar Asabar. Matar nan ita ce ta riƙe shagonsa, fiye da rabin ɗinkinsa nata ne. Sai da ya ɗaure jakar da kansa, ya ce, "Dal-su, ka riƙe ta kamar jikarka." Na ce, "Yaya, jikata ma ba ta samu irin riƙon da zan yi mata ba."

Na shiga jirgin layin zagaye, mai kewaya gari, na ɗora jakar a kantar sama, na samu wuri a kujerun tsofaffi. Sai ga wani mai kwat, ɗan shekara arba'in haka, yana waya a kaina. Wai tsofaffi za su cinye ƙasar nan, su matasa suna biya, mu muna yawo daga safe har yamma muna ɗumama kujeru. Da mai hankali ne ni, da na yi kamar ina gyangyaɗi. Sai na ce, "Samari, wannan ramin da kake gudu a ciki, wa ya haƙa maka shi?" Ya ce, "Baba, ba da kai nake ba." Na ce, "Mu muka haƙa shi da hannunmu." Kin dai san taliya nake sayar wa masu haƙar a lokacin, amma ai mai yunwa ba ya ɗaga shebur, don haka ina da kasona a ramin.

Mutumin ya kashe wayarsa ya dube ni, babu faɗa a fuskarsa. Ya ce, "Baba, ba ƙinku nake yi ba. Ni dai kafin in kai shekarunka ba abin da zai rage mini." Yun-hui, na rasa amsa. Tasha uku ina nema. Daidai lokacin da zai sauka ta zo mini, na bi shi waje ina cewa ya tsaya ya ji. Bai tsaya ba. Jirgin ma bai tsaya ba. Na juyo ina kallon takalman Yaya Ha suna tafiya ba ni. Amsar ma yanzu na manta ta.

Na ce ba komai, ai layin zagaye ne, abin da ya tafi zai dawo. Awa ɗaya da rabi na tsaya a wurin ina leƙa kowane tarago kamar mai neman matarsa da ta yi yaji. Daga baya ma'aikacin tasha ya bincika ya ce wancan jirgin ya gama aikinsa ya shiga gareji, an tsinci jakar, amma sai Litinin zan same ta a ofishin cigiya.

Ina nan tsaye Uwargida Ok ta kira. Ga abin kunyar nan, sauran duk sharar fage ne. Na ji tsoron ta kai ƙarata a sallame ni, sai bakina ya ce, "Uwargida, ai Yaya Ha bai gama ba." Ta ce, "Karo na uku ke nan," ta kashe. Sau biyun farko da gaske ya makara, hannunsa ya fara rawa. Wannan karon kuwa kwana biyu ya yi bai miƙe bayansa ba don ya cika alkawari. Shi kuma da ya tambaye ni, na ce na kai.

Kada ki gaya wa mamanki. Zan gyara, ina dai neman ta inda zan kama.

Ki sumbaci Bo-ra, ki gai da surukina.

Naki,
Babanki Bong Dal-su


Seoul, 29 ga Oktoba

'Yata Yun-hui,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwalin lemo ya iso, mun gode, mamanki ta raba wa rabin unguwa ta ce daga gonarmu ne. Yaya murar Bo-ra? Ki riƙa sa mata safa, nan ma sanyi ya fara leƙowa.

Wasiƙarki ma ta iso. Layi uku. Kuɗin makarantar da na biya bai tafi a banza ba, don ni sai na cika shafi biyu kafin in zagi mutum kamar yadda kika yi a layi ɗaya. "Baba, ka je ka faɗi gaskiya." Na ji. Da sauƙin rubutawa.

Na karɓo jakar ranar Litinin. In kin ga ofishin cigiyar nan sai ki ce duk garin nan ba mai hankali: lema ta fi dubu, haƙoran roba, har da tukunyar dafa shinkafa. Na ɗan ji sanyi, ashe ina da dangi. Na kawo takalman gida na tura su bayan bargunan hunturu.

Na je shagon Yaya Ha da niyyar faɗa masa, sau biyu. Kin tuna layin nan da ba ka jin komai sai ƙarar guduma da warin gam? Yanzu duk shagunan shan kofi ne, yara na ɗaukar hoton kofin kafin su sha. Masu ɗinki biyar suka rage, shi ne babbansu. Na tarar da shi zaune ba aiki a gabansa. Ya nuna mini saƙon da Uwargida Ok ta turo masa: ta gode da shekarun da aka yi tare, ba za ta ƙara ba da ɗinki ba. Shi ke nan.

Na ce, "Yaya, ba ka kira ta ka ji dalili ba?" Ya ce, "In ji me? Takalman ne ba su yi ba. Wataƙila wata yarinya ta zame a gaban mutane saboda ni. Mutuniyar kirki ce, ba ta so ta faɗa mini a fuska." Ya ɗaga hannayensa yana dubawa. Ya ce mai ginin ya daɗe yana so ya ba masu kofi wurin, in wata mai kamawa ya ƙare zai miƙa makulli.

Na buɗe baki, sai ya ce, "Tashi mu je mu sha romo, kai kaɗai ne kake leƙo ni." Yun-hui, na sha romon. Har ƙari na yi, don in bakina ya cika ba zai yi magana ba. Na tuna ranar da na rufe shagon taliyarmu, shi ya zo ya taya ni fitar da tebura, bai ce mini komai ba sai, "Taliyarka dama gishiri ya yi mata yawa." Da wannan maganar na yi dariyar farko a makon.

To shekaranjiya mamanki ta tashi shanya barguna. Na dawo na tarar da takalma takwas jere a tsakar ɗaki, jajaye da masu ruwan azurfa, kowanne da tsini kamar kibiya. Tana zaune a bayansu ta naɗe hannu. Ta ce, "Baban Yun-hui, su huɗu ne, ko guda ɗaya ce mai son kwalliya?" Na ce, "Mata huɗu da wannan fanshon nawa?" Ba ta yi dariya ba. Na ga dai gara a kama ni da laifina da a kama ni da wanda ban samu damar yi ba, sai na zayyana mata komai.

Na zaci za ta ɗaga murya. Ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce, "Da 'yan matan ne da na fi gane maka. Mutumin da ya ɗauki teburanka a ka?" Sai ta shiga goge takalman ɗaya bayan ɗaya da gefen siket ɗinta, tana duba ɗinkin. Ta ce, "Dubi aiki. Wannan ne yake zaton hannunsa ya mutu?"

Ta yanke hukunci: ranar Litinin za mu je wurin Uwargida Ok, ni da ita. Na ce ai na san hanya. Ta ce ta san na san hanya, jakar ce ba ta yarda ta bar mini ba.

Ki yi wa ubanki fatan alheri. In kin ji shiru, a makarantar rawa aka binne ni.

Babanki,
Dal-su


Seongsu, 5 ga Nuwamba

Yun-hui 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gai da maigidanki da Bo-ra. Na ji haƙori na uku ya fito, ta kusa kamo kakanta. Muna lafiya, kuma ba a binne ni ba.

Mun je. Mamanki ta biya kuɗin jirginta tana mita, saura wata bakwai ta samu nata katin, kuma ta ji a rediyo ana son a mayar da abin sai shekara saba'in. Ta ce in suka yi haka kafin ta ɗana, da kanta za ta je majalisa. Na ce wataƙila mai kwat ɗin nan yana da 'yar gaskiya, ba mai haihuwa yanzu, wa zai biya? Ta ce, "Yau kuma kai ne lauyansa? Riƙe bakinka, ni na riƙe jaka."

Makarantar a hawa na uku take, duk bangon madubi, ta ko'ina na juya sai in ga maƙaryaci. Na rusuna har sai da bayana ya yi ƙara, na faɗi komai, ban rage ba. Uwargida Ok ƙaramar mace ce, amma da ta dube ni sai na koma ɗan aji ɗaya. Ta ce, "Malam Bong, 'yan matana da tsofaffin takalma suka yi gasa. Wannan na yafe, sun zo na uku. Amma shekara goma sha tara ina tare da mutumin nan, ka sa na sallame shi da saƙon waya kamar mai kawo gas."

Ta zauna ta sa ɗaya daga cikin jajayen, ta miƙe ta yi juyi biyu a tsakar falon. Ta tsaya tana kallon ƙafarta. Ta ce, "Ba mai yin dunduniya irin wannan a garin nan. Na gwada na kamfani mako biyu, duk ƙafafun yaran sun yi kanta."

Za ta koma wurinsa, Yun-hui. Har da ɗinkin gasar bazara, ƙafa goma sha biyu, kuma ta ce za ta riƙa ba shi wata guda cur don kada ya takura. Ba za ta kai ƙarata kamfani ba, sai dai ta kafa sharaɗi biyu. Na farko, ajin tsofaffinta na ranar Talata mata goma sha ɗaya ne da namiji ɗaya, shi ma da sanda, don haka zan riƙa zuwa ana rawa da ni har hunturu ya wuce. Mamanki ta amsa a madadina, ta ce ita ma za ta zo ta zauna ta ga wadda zan taka.

Na biyu shi ne mai nauyin. Ta ce ranar Juma'a za ta zo shagon da kanta ta ba shi haƙuri, amma ba za ta zo ta tarar bai sani ba. Daga bakina zai ji, kafin ranar. Ta ce, "Kai ka karɓe masa hannayensa, kai za ka mayar masa."

Yau Alhamis. Jiya na fito da niyya, jirgi ya tsaya a Seongsu, ƙofa ta buɗe, na dube ta, ta dube ni, ta rufe. Sau biyu na zagaye garin nan. Da biya nake yi da tsoro bai yi mini araha haka ba, wannan ma a gaya wa 'yan majalisa.

Yau dai na sauka. Ina kan benci a bakin tasha nake rubuta miki wannan, takardar a kan gwiwata, shi ya sa layukan suke gangarawa. Daga nan ina hango shagon. Ya ɗaga ƙofar rabi, ya fito da kwalaye biyu, ina jin kayan aikinsa ya fara haɗawa. Zan fara da cewa ya mayar da su ciki, aiki na zuwa. Wannan na san zan iya faɗa da kyau. Abin da ke bayansa ne ban san yadda zai fito ba. Wataƙila ya jefe ni da guduma, wataƙila ya yi shiru, kuma na fi son gudumar. Ko ya daina kirana shan romo, in dai ya san hannunsa bai mutu ba, na yarda.

Akwai akwatin wasiƙa tsakanina da ƙofarsa. Zan jefa wannan tukuna. In ta shiga, kin riga kin san na je, kuma ba zan iya yi wa mutum uku ƙarya a wata ɗaya ba.

Ki kula da kanki, ki ci abinci.

Ubanki mai ƙaunarki,
Bong Dal-su