Ruwan Wankan Hadiza

Daren Laraba, bazarar 1974

Yanzu na dawo daga Gidimuni, ƙafafuna duk sun kumbura, amma alhamdu lillahi. Saura kaɗan a ɗaga bikin Hadiza, ɗalibata ta lakwal, wato makarantar boko, don a Birni ko ruwan wankan amarya babu, balle na baƙi.

Kawunta Malam Isa ya zagaya da ni garkarsa. Tafki ya janye, amma rijiyarsa tana tsattsafowa. Na ji nauyin roƙonsa ruwan biki, na yi ta kewaye-kewaye.

Ya yi dariya. "Haba Madam, ku kwaso kowa a yi bikin nan. Sai dai ruwan da aka wanke ƴata da shi, a zuba wa ƙaramin dabinon can."

Ganyensa har ya fara bushewa. In Allah ya kai mu, ni zan ɗauki bokitin da kaina.