An Gitta Ganyen Namele a Ƙofar Injin Rogona

Inna Leipakoa,

Don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Idan kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni, a tsorace nake.

Ni da maigidana mun yi shekaru muna zuwa Ostireliya tsinkar 'ya'yan itace. Sanyin can ya ci ƙasusuwana, amma na daure saboda abin da na sa a gaba. Kin san halinmu a nan arewacin tsibirin Efate: rogo ya yi mana yawa har mu zuba wa aladu, sannan mu hau mota zuwa babban birni, Port Vila, mu sayo fulawar da jirgi ya kawo. Ranar da guguwa ta taso jirgi ya daina zuwa, sai ki ga gari guda an zuba ido ana jiran shinkafar agaji. Abin nan yana min ciwo. Shi ya sa duk abin da muka tara na zuba shi a ɗaki ɗaya: injin gurza rogo, na matsewa, na niƙa, da rumfar shanya. Surukina ne ya ba ni filin, mai gari ya sa albarka, fasto ya yi addu'a.

Na bi matan garinmu gida-gida na ce su shuka rogo, ni zan saya. Suka yarda da ni, Inna. Akwai Leiwia, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita gonarta kaf ta mayar ta rogo, ko kunyar dankali ɗaya ba ta bari ba. Yanzu rogon ya ƙosa.

To, ga inda abin ya lalace. Ranar da muka gwada injin, ruwan da aka matse daga rogon ya bi gangare ya taru a wani kwari bayan shingen Baba Kaltapau, wani dattijo maƙwabcinmu. Ni ban ma lura ba, ina can ina murna garin rogo ya fito fari tas. Aladensa ya sha ruwan nan mai dafi, kafin yamma ya mutu. Kuma ba kowane alade ba, mai hauren nan ne da ya lanƙwaso har ya kusa zagayowa, wanda tsohon ke ba shi kwakwa da hannunsa tun ina budurwa. An ce ya ajiye shi ne don ranar da jikansa zai karɓi sunan gidansu.

Ban tsaya ɓata lokaci ba. Na tambayi yadda ake sayar da babban alade a Vila, na ƙara a kai, na sa a ambulan, na tafi har ƙofarsa da ƙafata na ba shi haƙuri. Me ya fi wannan? Tsohon nan ya dubi ambulan, ya dube ni, ya ce, 'yar nan, kanti kika ga na buɗe? Ya juya ya shige. Washegari na zo buɗe wuri na tarar da ganyen bishiyar namele biyu an gitta su a ƙofa, alamar nan ta al'ada da ke haramta wa kowa shiga wuri. Na juya na koma gida.

Tun daga ranar ba wanda ya taka wurin. Matan da ke fere min rogo in sun hango ni sai su sauya hanya. A coci ana gaishe ni, amma da baki kawai. Leiwia ce kaɗai ta zo gida, ba ta ce komai a kan rogo ba, ta zauna ta taya ni kankare kwakwa ta tafi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Maigidan yana can Ostireliya, a waya yake ta faɗa, wai ganye ne fa, filin na ubansa ne, in kira 'yan sanda. Shi yana nesa, bakinsa da kaifi. Ƙaninsa Kalsong kuwa kullum sai ya zo yana tsokanata, wai matar yaya, kin tsallake teku kin dawo amma ganye biyu sun tsare ki? Ya ce in ce masa to kawai, ya fizge su ya watsar. Ni kuwa na san gidan da aka cire namele, na ga yadda aka wayi gari an sare musu ayaba kaf, kuma har yau ba a cin abinci da su. Ina tsoron a cinna wa injin wuta. Ina tsoron abin da ba a faɗa da baki ma, 'yata ta yi ɗan zazzaɓi kwanan nan har na fara zargin sammu ne, ko da yake nas ta ce mura ce.

Ga damina ta matso, iska ta fara sauyawa. Gonakinmu a kwari suke, in ruwa ya sauka rogon nan ruɓewa zai yi a ƙasa, kuma ni na sa suka shuka. Wani lokaci haushin tsohon yake kama ni, in ce a kan alade ɗaya zai kashe abincin gari? Sai kuma in tuna fuskarsa. Inna, in bar Kalsong ya cire, ko in zauna ina kallo? Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Taki cikin damuwa,
Mai Garin Rogo

*

'Yata Mai Garin Rogo,

Ki ja numfashi. Farko dai, Kalsong ya ajiye hannunsa a aljihu, kuma ki faɗa masa yau, ba gobe ba. Maigidanki ma ki ce masa maganar 'yan sanda ta tsaya. Za su iya buɗe miki ƙofa, amma da yamma mota za su hau su koma Vila su bar ki da maƙwabtanki.

Aikin da kika ɗauko mai kyau ne, kada wannan ya sa ki raina shi. Ƙasar nan tana buƙatar irinki. Kuma kina da gaskiya cewa abincin mata da yawa ya rataya a ƙofar nan. Amma shi ma Baba Kaltapau yana da tasa. Kin kashe masa abin da ya yi shekaru yana reno, bisa kuskure, na yarda. Sai kika je kika auna shi da farashin nama, ke kaɗai, a tsaye, ba dattijo a gabanki. Can inda kika yi aiki haka ake yi, a biya a wuce. A nan kin nuna masa ke ce mai yanke wa asararsa kuɗi. Ambulan ɗin ya fi mutuwar aladen yi masa zafi, kuma na tabbata ke ma kin fara jin haka, shi ya sa fuskarsa ke dawo miki.

Ga abin yi. Ki fara da ruwan. Ki nemi izinin mai gari a haƙa rami mai zurfi a wajen ginin, a zuba duwatsu, a kewaye shi da shinge, yadda duk mai wucewa zai gani. Yau alade ne, gobe yaro ne zai tsoma hannu. Ba wanda zai saurari ban haƙurinki alhali gangaren yana nan yadda yake.

Sannan ki je wurin surukinki, ki durƙusa ki ce ya shige miki gaba. Shi zai kai magana ga mai gari, mai gari ya sa rana. Ki tanadi tabarmi masu kyau, da saiwar kava da ake jiƙawa a sha a zaman sulhu, da alade mai rai. Ba za ki sami mai haure irin nasa ba, kada ma a yi kamar an samu, surukinki ya faɗi haka a fili. Ke kuwa ki zauna ƙasa ki yi shiru, ko an faɗi abin da ya ƙona miki rai. Kada bakinki ya ambaci damina ko inji a wurin. Tsohon ya san damina ta matso, shi ma manomi ne.

Kafin nan kada ki zauna. An rufe ɗaki ne, ba a rufe gonaki ba. Ki tara matan, ki faɗa musu komai da bakinki, ku fara tonon na kwari, a fere a yanka a shanya a gidaje kafin ruwa ya sauka. Ki fara da gonar Leiwia. Busasshen rogo zai iya jiran inji. Zazzaɓin yarinya kuma ki bar shi inda nas ta ajiye shi, tsoro yana ƙara wa komai girma.

Ba zan ɓoye miki ba, yana iya jan ƙafa, kuma wani rogon zai ruɓe. Za ki ji zafinsa. Amma ki tambayi kanki: in Kalsong ya fizge ganyen nan gobe da safe, wace mace ce a garinku za ta tsallaka ƙofar da kwandon rogo? Ko Leiwia ba za ta shiga ba. Za ki tsaya ke kaɗai a cikin ɗaki, ga inji yana ƙara, babu abin zuba masa.

Allah ya sanyaya zuciyar dattijon, ya riƙe muku ruwan sama har ku gama shanya.

Innarki,
Leipakoa