Ɗana Zai Ajiye Sunan Masu Gawayi

Malama mai filin shawara,

Ki taimake ni. Mu dai a gida, ni lafiya lau in ban da gwiwa, 'yata Wiebke da yaranta ƙalau, amma maigidana Eckhard tarin nan ya sake kwantar da shi tun farkon sanyi. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'yata na shiga ajin yamma. Lokacin da sa'o'ina ke makaranta, ni da uwata muna gudun yaƙi.

Sunan gidanmu Köhler, wato mai ƙona gawayi. Kakan Eckhard a dajin tsaunin Harz ya ƙare rayuwarsa yana gadin tudun itace mai hayaƙi, har yau shebur ɗinsa na rataye a zaurenmu. Wannan suna shi ne abu na farko da na iya rubutawa da hannuna.

Ɗanmu namiji ɗaya ne, Ortwin. Zai auri wata yarinya mai hankali 'yar yankin Westfalen, ita za ta gaji gonar ubanta. Sai ga shi wai zai ɗauki sunansu, Overbeck, domin a can wanda ya shigo gona da aure, sunan gonar yake ɗauka. Na yi magana, ya yi dariya ya ce, "Mama, buɗe littafin lambobin waya na kowane gari, Köhler kamar tururuwa. Wa zai lura an rasa ɗaya?" Na ce ubanka zai lura. Wiebke kuma ta ce, "Ni da na sauya nawa da na yi aure, ai miyar biki kika dafa."

Ban gaya wa Eckhard ba, ina tsoron ƙirjinsa. In ɓoye masa? In ƙi zuwa bikin? Don Allah ki ba ni amsa kafin Ista, ranar Juma'ar bayanta za su je ofishin ɗaurin aure.

Uwa daga gindin tsaunin Harz

Baiwar Allah,

Rubutunki ya fita sarai, kuma damuwarki ba ta banza ba ce. Amma Ortwin ma yana da gaskiya. Sunan nan daga sana'a ya fito. Duk inda ake da daji da maƙera a ƙasar nan an yi masu gawayi, shi ya sa masu sunan suka yi yawa, akasarinsu ba dangin juna ba ne. Al'adar Westfalen kuwa ba raini ba ce, haka suke riƙe gona da sunanta tun kakanni. Inda ɗanki ya yi kuskure shi ne dariyar.

Kada ki ɓoye wa maigidanki. Zai fi jin ciwo in ya tsinci maganar a katin gayyata. Amma ba ke za ki faɗa masa ba. Ki kira Ortwin ya zo ya zauna gaban ubansa ya faɗa da bakinsa. Ya kuma tambaya a ofishin ko zai iya haɗa sunayen biyu a nasa.

Bikin kam ki je. In Eckhard ya yarda, ku kai musu shebur ɗin nan, jikokinku su taso suna tambayar na wane ne. Ki tuna ke ma ba a haife ki Köhler ba, kin karɓe shi ne har ya zama naki. Hannun da ya koyi rubuta suna ɗaya da furfura a ka zai iya koyon na biyu.

Allah ya ba Eckhard sauƙi, ya sa a yi biki lafiya.