Yaya Isuhu da Wasan Butoci a Kan Ƙanƙara

Zuwa ga Yayana Isuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, ina gaida matarka Ramatu da yara, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin lafiya da rufin asiri. Mu nan unguwar Nuzla sai godiya, ban da zafin Jidda da ka sani.

Wata bakwai ke nan ina kiran lambarka ba ta shiga. Na tambayi mutanen Damagaram da suka zo aikin Hajji, kowa ya ce ya san Isuhu, amma in na bi diddigi sai in tarar wani Isuhun ne daban. Shi ya sa na rubuta wannan a fili inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka. Ka yi haƙuri, zan maimaita abubuwan da ka fi ni sani, don mai karantawa ya gane wanda nake nema.

A 2004 na kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta unguwar masana'antu ta Jidda, a can na haɗu da kai. Ni haifaffen Jidda ne, Hausata rabinta Larabci, kai kuma shekararka shida da zuwa daga Damagaram. Aikinmu shi ne mu fito da sandunan ƙanƙara daga ɗakin sanyi, mu tura su a kan jiƙaƙƙen daɓe zuwa bakin motocin masu kifi. Ni in na tura, ko ta maƙale a tsakiya ko ta daki tayar mota ta tarwatse. Kai kuwa taɓa ta kawai kake yi, ta sulale ta je ta tsaya daidai ƙafar mai lodi kamar an kira ta. Kullum kana ce mini da ɗan Faransancinka, "Bon, Bashir, ba ƙarfi ba ne. Saurari ƙararta a ƙasa."

Ƙarshen 2008 sandunan suka zubo maka a baya daga kan dandamalin lodi. Ba zan daɗe a nan ba. Likita ya ce ƙashin baya ne, ƙafafun ba za su sake ɗaukarka ba. Ɗakin ma'aikata na unguwar Khumra inda kake kwana a bene yake, gadonka ma na sama ne. Da na gaya wa mahaifiyata, Ummi, ko sauke ludayin hannunta ba ta yi ba ta ce, "A kawo shi nan. Ɗakin babanka na ƙasa me yake yi a rufe?"

Shekara guda da wata uku ka yi a ɗakin nan, Yaya, fuskarka tana kallon bango. Keken guragun da aka ba ka yana jingine a bayan ƙofa, Ummi tana shanya tawul a kansa. In na ce mu fita bakin teku mu sha iska, sai ka ce ba za a tura ka a titi mutane suna kallo ba. Masallacin da ke bakin lungunmu ma ka daina maganarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar ranar Juma'a. Za ka gyara murya ka ce wa Ramatu karaya ce kawai, ana ɗori, ka kusa komawa aiki. Kana ajiye wayar sai ka ja mayafi ka rufe kai. Kafilinka, uban gidan da ya tsaya maka a hukuma, mutumin kirki ne, ya sabunta maka iƙama, takardar zaman ƙasa, sau ɗaya, amma ya faɗa mana gaskiya cewa ta gaba ba za ta yiwu ba. Tafiya gida tana matsowa, kai kuma ka taɓa ce mini gara matarka ta ji ka mutu a Jidda da ta ga an sauke ka daga mota kamar buhun gero. Ranar ban iya cin abinci ba.

Sai wata Juma'a cikin watan Maris na 2010. Na dawo daga masallaci, na kawo mana shinkafa bukhari ɗakinka, ina ta canza tasha ina neman ƙwallon ƙafa. Na wuce wata tasha da ta nuna wani fili fari fat, sai na ji ka ce, "Tsaya. Koma baya."

Gasar ƙasashen duniya ce ta masu keken guragu, a wata ƙasa mai sanyi. Turawa suna kiran wasan kalin. Doguwar shimfiɗar ƙanƙara ce, a can ƙarshenta an zana da'ira cikin da'ira, shuɗi da fari da ja. Kowace ƙungiya mutum huɗu, maza da mata a haɗe, kowa a kan kekensa. Ɗan wasa yana riƙe da doguwar sanda, ya maƙala bakinta a hannun wani mulmulallen dutse, ya tura. Dutsen ya tafi a hankali yana juyawa, har ya je ya tsaya kusa da tsakiya, ko ya buge na abokan hamayya ya fitar da shi.

Ummi ta leƙo da butar shayi a hannu, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Waɗannan butoci suke turawa a kan ƙanƙara?" Daga ranar sunansa a gidanmu wasan butoci.

Kai ba ka yi dariya ba. Ka dogara da gwiwar hannu ka ɗago. Wani ɗan wasa ya saki dutsensa, tun bai kai rabi ba ka ce, "Ƙarfi ya yi yawa." Ya kuwa wuce da'irar gaba ɗaya. Na biyu ka ce, "Wannan zai zauna." Ya zauna. Na juyo na kalle ka, shinkafarka ta huce, idonka bai bar akwatin ba.

Kusan mako guda muka yi muna bin gasar. In ina wurin aiki kai za ka kalla, in na dawo ka ba ni labari, kana kwatantawa da kofunan shayi a kan faranti. Kana da 'yar wasanka, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, wadda ba ta gaggawa, takan zauna ta kalli filin kamar mai tsintar shinkafa kafin ta motsa hannu. Ka ce da a masana'antarmu take da an ba ta shugabancin lodi. Mai sharhi ya yi bayani da Larabci cewa masu yin wasan a tsaye suna bin dutsen da tsintsiya suna share masa hanya, amma su waɗannan babu shara, abin da hannunka ya saki shi ke nan. Na fassara maka, ka gyaɗa kai ka ce haka ya fi.

Amma abin da ka fi nanatawa wani abu ne da ni ban ma lura da shi ba. In mutum zai tura dutse, abokin wasansa yakan matso ta baya ya riƙe masa keke don kada ya goce. Ka ce, "Duba, Bashir. Wanda yake riƙe shi, shi ma a keke yake. Kuma ba tura shi yake ba."

Ranar da aka kammala gasar ka ce in sauke tawul daga kan kekenka, kana so ka ga ko tayarsa da iska.

Juma'ar da ta biyo baya na roƙi shugaban ma'aikata ya bar mana filin lodi bayan la'asar, tunda ba a aiki. Ya ce, "Ɗayyib, na yarda, amma ku wanke mini wurin." Na ɗauke ka a motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinmu. Tsofaffin abokan aikinka biyar suna jiranmu, mutanen Nijar da na Chadi. Muka yanka sandunan ƙanƙara gida huɗu huɗu, muka naɗe tiyo a ƙasa ya zama da'ira, muka kifa murfin bokiti a tsakiya, muka sheƙa wa daɓen ruwa. Sandarka kuwa ƙotar abin goge ƙasa ce.

Turawar farko ba ta yi kyau ba. Kana tura ƙanƙarar sai keken ya ja da baya ya karkace, ka yi gaba kamar za ka kifa, ƙanƙarar ko taku uku ba ta yi ba. Mutanen da suka yi shekara goma suna kallonka kana aikin mutum biyu, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina halas, shi ke nan, na kawo ka na kunyata ka, yau za ka koma wa bangon nan har abada.

Ka daɗe kana kallon ƙasa. Sannan ka ce in ɗauko kujerar roba in zauna a bayanka. Na zauna, na kama hannayen keken. Ka ce, "Kada ka tura. Riƙe kawai."

Ta biyu ta wuce tiyon ta daki bango. Ta uku, Yaya, har yau ina jin ƙararta. Ta tafi siririf a kan ruwan, ta ɗan juya, ta hau kan da'irar, ta je ta taɓa murfin bokitin ta tsaya. Mutanen suka ɗauki kabbara kamar an ci ƙwallo. Kai kuma ka fashe da dariya, dariyar da na yi shekara ban ji ba, tana ta girgiza keken a hannuna, har ta koma wani abu daban. Ban leƙa fuskarka ba. Na ci gaba da riƙewa.

Bayan nan ka kafa doka: duk mai son wasa sai a zaune. Aka jero kujerun roba, ƙattai suka zauna suna turawa suna zamewa, kana yi musu tsiya da Faransancinka. Ka cinye mu duka, babu wanda ya ko kusa.

A hanyar komawa, kafin magariba, ka ce in tsaya a gefen titi in ba ka waya. Na gane, na fita na tsaya a bayan mota. Da na dawo na same ka riƙe da wayar a cinya, fuskarka sharkaf. Ka ce ka faɗa wa Ramatu komai. Ka ce ta ce ai ta sani tun Hajjin bara, wata maƙwabciyarku da ta zo ta ji labari a Makka ta kai mata. Ta ƙi nuna maka ne don tana so ta ji daga bakinka. Ta ce tuni ta sa magini ya fasa dokin ƙofar ɗakinku ya daidaita shi da ƙasa, ya faɗaɗa ƙofar banɗaki, wata huɗu ke nan tana jiran ka ce kana tafe.

Ka dube ni ka ce, "Shekara guda ina yi wa matar nan ƙarya, ita kuma tana can tana gini."

Sau shida muka sake komawa filin lodi kafin iƙamarka ta ƙare. Ka fara zuwa masallaci, kai kake juya tayarka da kanka, ni ina tafe a gefe. Ranar tafiya Ummi ta cika maka jaka da dabino da turare, ta ƙi fitowa rakiya, ta ce idonta ne yake ciwo. A filin jirgi ka riƙe hannuna har aka kira jirginku.

Na sha tunanin mutanen nan na talabijin. Ba mu san sunayensu ba, ba mu san abin da ya zaunar da kowannensu a keke ba, su ma ba su san akwai wani ɗaki a Nuzla da ake kallonsu ba. Wasansu kawai suke yi, suna son su ci. Ina yi musu fatan alheri duk inda suke, musamman dattijuwarka mai tabarau.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ta nemanka. Na yi aure bara, kamar yadda na gaya maka a wayarmu ta ƙarshe. Watan jiya Allah Ya ba mu ɗa namiji. A takarda Yusuf aka rubuta, amma Ummi ta ce ita ba ta san wani Yusuf ba, Isuhu za ta kira shi, yadda mutanen Damagaram suke faɗa. Ban so ka ji wannan a bakin kowa ba, sai dai yanzu duniya ta riga ka ji. Ka yafe mini. Ina so in sa masa waya a kunne ka yi masa addu'a da muryarka.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin hannu. Allah Ya saka wa Ramatu da mafificin alheri, Ya raya muku yara, Ya sa lafiya ce ta sa ka yi shiru. Allah Ya haɗa fuskokinmu, ko a nan ko a can gida, kafin takwaranka ya fara tafiya.

Ƙanenka da bai daina kira ba,
Bashir
Nuzla, Jidda, 2012