Takalman da Ke Kallon Titi

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun ina da baƙin gashi, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa, uwar 'ya'yana, kakar jikokina! Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da murna ta hana shi zama wuri ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fata 'yarmu da maigidanta suna kula min da ke. Ki gyara zama, ki sa tabarau, albishir na kawo miki. Na ƙi faɗa miki a waya don na san muryata za ta ba ni kunya.

Angonki ya tashi! Wannan abokin hamayyar tawa, jikan da kika fifita a kaina tun yana cikin zanin goyo, ya tashi!

Kin san yadda kika bar shi. Ya gama karatun lantarki, ya yi yawon kai takardu har ƙafa ta gaji, ba wanda ya kira shi. Sai ya shige ɗakin baya ya ja labule, waya a hannu, rana ta fito ta faɗi bai sani ba. Ranar da za ki tafi jinya kin riƙe min hannu a bakin mota, kin roƙe ni kada in yi masa faɗa. Na cika alkawari, hasken gidana, amma harshena ya sha cizo. Nakan tsaya bayan labulen nan, in ji kamar kaina nake leƙe.

Kin tuna shekarar da aka rufe masaƙar da nake aiki? Ina kamar shekarunsa, muna ɗaki guda, na kwanta ina kallon rufi kamar a can aka rubuta min arzikina. Ba ki taɓa ce min malalaci ba. Kullum idan kin gama shara sai ki goge takalmana, ki jera su a bakin ƙofa, bakinsu na kallon titi. In cire su suna kallon gado, in tashi in tarar sun juya min baya. Na daɗe ina zaton aikin tsintsiya ne, sai ranar da na kama ki kina juya su. Kika ɗago, kika yi min murmushin nan mai wushirya, kamar jinjirin wata ya leƙo ta tsakanin gajimare. Wane namiji ne zai ga wannan ya koma ya kwanta? Na zura ƙafa na fita. Takalman nan su suka kai ni dako a tasha, suka kai ni gadi, suka kai ni ajin yamma inda na koyi baƙaƙen da nake rubuto miki da su yau.

To, darasinki na ɗauko. Na zaro takalmansa daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙura, na jera su suna kallon waje. Ya shure su. Na sake, ya sake. Har ya tambaye ni ko tsufa ya fara taɓa min kai, na ce masa shara kawai nake yi, tunda amaryarsa ta gudu ta bar mu. Bayana ya yi ciwo don sunkuyo, amma na rantse sai dai takalman su gaji, ni ba zan gaji ba.

Wata safiya na zo da tsummana na goge takalma, babu su! Da yamma sai ga shi, hannu baƙi ƙirin da mai. Ashe wurin mai gyaran fanka da injin ruwa na ƙarshen layi ya je, ya roƙi a bar shi ya riƙe ko da sukundireba ne. Ko zama bai yi ba ya hau kujera ya sauke fankar ɗakinmu, wadda take kuka tun kafin a yaye shi, ya gyara ta. Yanzu shiru take juyawa, har ina jin minsharin kaina.

Amma ba zan ɓoye miki ba, shekaranjiya gabana ya faɗi. Ya ƙona wa wani injin, maigidansa ya wanke shi tas a gaban mutane. Ya dawo yana huci, ya ce ya bar wurin ke nan, ya ja labule. Wayyo, da kina nan! Da sassafe na lallaɓa da tsummana. Me zan gani? Takalman a goge, a jere, suna kallon titi. Ba ni na juya su ba. Na tsaya da tsumma a hannu, hawaye na bin gemuna, tsoho da ni!

Na san hanyar da sauran tsawo. Zai sake tuntuɓe, zai sake fushi. Na yi miki alkawari, muddin bayan nan yana lanƙwasuwa, duk safiyar da ya manta ni zan tuna.

Saura ke, tauraruwata. 'Yarmu ta tsegunta min cewa damuwar yaron nan ta hana ki cin abinci, kuma tafiyar da likita ya ce ki riƙa yi kina ƙi. Haba! Ke da kika tayar da maza biyu ba tare da kin ɗaga murya ba? Ki ci, ki kama sandarki, ki taka. Gidan nan babu ke kamar rijiya ce ba guga, ruwan na nan amma ƙishi na kashe ni.

Silifas ɗinki shuɗi, mai ɗinki a maɗauri, na wanke shi na ajiye a ƙofar ɗakinmu. Shi kam ban juya shi waje ba. Ciki yake kallo, inda nake zaune.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a cire min takalma ba zan sake sawa ba,

Mijinki tsoho, wanda bai yarda ya bar wa yaro ke ba.